Shaƙa Biyu Kafin Gwaji

Auta ba mai magana ba ce. A gidansu in ta yi sallama sai ta maimaita kafin a ji, in kuma musu ya kaure a falo ita ce ke tattara kofuna ta wuce kicin. Sai ga shi aikin da ya faɗo hannunta aikin ihu ne. A ɗakin gwajin huhu na asibitin da take aiki, takan zaunar da mutum a kujera, ta matse masa hanci da ɗan maƙali, ta ba shi bututun kwali ya kama da leɓɓansa, ta ce ya ja iska har ƙirjinsa ya cika fam. Daga nan sai ta doka ƙafa a ƙasa ta ƙwala: “Hura! Hura! Ci gaba, kar ka tsaya, saura, saura, saura!” har sai jijiyoyin wuyansa sun miƙe. In ba a yi wa mutum wannan ihun ba, ba ya fitar da iskar duka. Kowa yakan tsaya tun da sauran abu a ƙirjinsa, yana rantsuwa cewa ya ƙare. Na'urar kuwa abin da ta fi kula da shi shi ne yawan iskar da ta fito a daƙiƙar farko, sai ta zana shi a allon kwamfuta, layi ya tashi kamar tudu ya gangaro.

Aikin ya ɓata mata kunne. Ba ta iya zama kusa da mutum a mota ko a layin kanti ba tare da ta saurari numfashinsa ba. Ta san jan iska shi ne aiki, fitar da ita kuwa kyauta ce. Huhun mai lafiya kamar roba yake, in an ja shi ya buɗe sai ya koma da kansa ya turo iskar waje, mai shi bai ma san an yi ba. Sai hanyoyin iskar sun kumbura sun ƙuntata ne mutum ke fara wahala a kan abin da kowa ke samu a banza, ya riƙa matsawa da ciki da haƙarƙari, iska ta shiga ta ƙi fita. Irin wannan numfashin take ji a ƙirjin Yayanta.

Yaya shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, shi ya kai ta har jami'a. Aikinsa fesa fenti a wata masana'anta da ke ƙera kabad da gadajen ƙarfe. Yana zaune da matarsa da 'ya'yansu mata biyu a saman wani bene. Da can da gudu yake hawa, da buhun shinkafa a kafaɗa, yana kuma tsokanar duk wanda ya tarar a hanya. Yanzu a kowane hawa sai ya tsaya ya ciro waya yana dubawa, wayar da ba wanda ya kira. Maganarsa ma ta gajarce. Mutumin da kan ɗauko labari tun daga tasha har ƙofar gida bai numfasa ba, yanzu in ya faɗi rabin zance sai ya ajiye ya huta. Ranar hutu yakan ɗan warware. Kafin tsakiyar mako ƙirjin ya koma yana fito kamar buta a kan wuta.

Ita ta sayo masa maganin shaƙa, ɗan shuɗin nan da ake fesawa a baki, wanda ke buɗe hanyoyin iska na 'yan sa'o'i. Ta gaya masa gaskiya: wannan sanda ce ta dogarawa, ba ta warkar da karaya. Maganin ciwonsa ɗaya ne, ya bar ɗakin feshi.

Bana sai hanya ta buɗe. Kamfanin yana da yarjejeniya da asibitinsu, duk shekara a kai na'urar can a gwada ma'aikata. Abokiyar aikinta da ta saba zuwa ta tafi hutun haihuwa, aikin ya faɗo kan Auta. Ta yi ta juya maganar a baki har ta samu ƙarfin halin ƙwanƙwasa ofishin Likita, wata dattijuwa da gilashinta ke zaune a ƙarshen hanci, wadda ke karanta sakamakon ta sa hannu.

Likita ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, “Kamfani ba ya jin ‘ƙanwarsa ta ji ƙirjinsa yana fito.’ Layin na'ura suke ji. Ki kawo min gwajin da ya nuna abin da kike faɗa, ni kuma in rubuta a mayar da shi sashen haɗa kaya, inda ba fenti. Amma ki ja masa kunne, kar ya shaƙi komai kafin gwajin.”

Ranar hutun da ta biyo baya Auta ta je gidan. Ta tarar da Yaya a kishingiɗe a doguwar kujera, ya jingina da matashi biyu, don kwanciyar rigingine ta daina karɓarsa. Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, tana kicin ana jin ƙarar cokali a tukunya.

“Yaya, ni ce zan zo gwajinku bana.”

“Kai! Likitan gidanmu da kanta. Sai mu sa kaya masu kyau.”

“Ba wasa nake ba. Tun ana gobe gwaji ka ajiye ɗan shuɗin nan, kar ka taɓa shi. In ka shaƙa ƙirjin zai buɗe, na'ura ta ce lafiyarka ƙalau. So nake ta gan ka yadda kake.”

“Yadda nake?” Ya shafa haɓa. “Ai za ta ga kyakkyawan mutum.” Ya ja iska, ya sake ta a hankali ta tsakanin leɓɓa. “Wanda ya fi ƙarfin Antinki.”

“Ina jin ka,” in ji Anti daga kicin. Ta fito tana goge hannu da gefen zane. “Ni dai Allah ya sa ya ci. Duk shekara in jarrabawar nan ta ƙarato, cikina ba ya zama lafiya.”

“Anti, ba jarrabawa ba ce. Ba a ci, ba a faɗuwa. Awo ne kawai, kamar a hau sikeli.”

“To me ya sami Dogo?”

Auta ba ta san Dogo ba, sai Anti ta zauna a hannun kujera ta ba ta labari. Shi ma ɗakin feshi yake. Wata shekara ya kasa hura abin kirki, aka ce don lafiyarsa an ɗauke shi daga fenti. Aka kai shi bakin get yana ɗaga ƙarfe yana saukewa, aka yanke masa alawus. Kafin shekara ta zagayo aka kawo kamfanin masu gadi, aka ce masa sai an neme shi.

“Yanzu baro yake turawa a kasuwa,” in ji Anti. “Da wannan ƙirjin.”

“Sashen haɗa kaya Likita ta ce, ba get ba.”

“Shi ma haka aka ce masa, ƙanwata.”

“Ku bar maganar,” in ji Yaya. “Na ji, Auta.”

“Ka yi min alkawari.”

“Na ce na ji. Anti, abincin nan sai mun tsufa?”

Ranar gwaji da safe motar asibiti ta sauke ta a masana'antar, ita da jakar na'ura da kwalin bututu. Jami'in ma'aikata, wani mai tsabtataccen takalmi da alƙalami a aljihun gaba, ya ja ta ta cikin farfajiya. Suka bi ta gaban ɗakin feshi, ta rage tafiya ta leƙa. Labulen roba mai kauri a ƙofa, ya daskare da fenti har ba ya lanƙwasa. A bangon baya fankokin zuƙar iska, ɗaya tana juyawa da kuka, sauran gizo-gizo ya yi gida a fukafukansu. Takunkumai a rataye jikin ƙusa, kowanne ya ɗauki launin kabad ɗin da aka fesa. Warin kuwa ba irin mai korar mutum ba ne, wani zaƙi-zaƙi gare shi, ya shiga ya zauna a maƙogwaro.

“An yi odar gyaran fankokin,” in ji jami'in, bai juyo ba.

Ɗakin da aka ba ta ɗakin ba da agajin gaggawa ne: gado mai fasasshiyar leda, akwatin magani a bango, sikeli, da taga mai gilashi jere-jere wadda ke kallon bayan ɗakin feshi. Tana haɗa wayoyi ta ji dariyar maza, ta ɗaga kai.

A bayan tankin ruwa mutanen ɗakin feshi sun yi layi. A gabansu wani dattijo ne siriri, wanda tun a gida ta san shi da suna: Kawu, shugaban ɗakin, wanda ya koya wa kusan dukkansu riƙon bindigar feshi. A hannunsa ɗan shuɗi ne. Yana girgiza shi kamar ma'aikacin asibiti, mutum ya matso ya sunkuya ya buɗe baki, a fesa masa sau biyu, ya riƙe numfashi ya koma gefe. Kawu ya goge bakin abin da gefen riga, na gaba ya matso. Har samari majiya ƙarfi suna cikin layin. A murfin ɗan shuɗin akwai farar filasta. Ita ta naɗa ta da hannunta ranar da murfin ya tsage. Na Yaya ne.

Shi Yayan yana tsaye a gefe, hannaye cikin aljihu, yana kallon ƙasa. Zuciyar Auta ta ɗan sauka. Layi ya yi ta raguwa har ya ƙare.

“Yayan Sista,” in ji Kawu, “kai ake jira.”

“Ni yau ƙirjina lafiya lau, Kawu.”

Aka tuntsire da dariya. “Lafiya lau?” in ji wani. “Daga nan nake jin ka kamar ƙofar da ba ta ga mai ba.”

“Wallahi in ya yi numfashi da safe, ni zato nake an busa a fara aiki,” in ji wani.

Kawu bai yi dariya ba. Ya tako har gaban Yaya, ya dafa masa kafaɗa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, amma taga a buɗe take.

“Nan ba a tambayar wa ke lafiya. Dubi wancan ƙaton, huhunsa ya isa hura tayar babbar mota, amma ya shaƙa. Kowa ke shaƙa, don kar a nuna wani a ce shi ne mai ciwo. Haka muke tun bayan Dogo, ka sani, da kai aka yanke. In mutum ɗaya ya faɗi, na ofis su fara ƙirga sauran. In abin ya yi yawa masu duba masana'antu su zo su rufe ɗakin, a ba wasu kwangilar fenti a waje. Kai ka tsallaka haɗa kaya, in ma an kai ka, mu kuma mu tafi gida mu ce wa iyali me? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma maganin bana ai kai ka kawo shi, layinka ne ya zo.”

Yaya ya ɗaga kai ya dubi ginin, bai gan ta ba. Auta ta dafa gilashin taga. Tsakaninsu bai fi a yi kira a ji ba, ita kuma duk asibiti an san ƙarfin muryarta. Sai kawai ta tsaya tana kallo. Yaya ya ciro hannaye daga aljihu, ya sunkuya.

Jami'in ma'aikata ya ajiye kujera a bakin ƙofa daga waje yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Doka ce kafin gwaji a tambayi mutum, ta kuma tambayi kowa.

“Ka shaƙi wani maganin numfashi yau?”

“A'a, Sista.”

Duk da murya iri ɗaya, kamar 'yan makaranta. Ta miƙa bututu, ta ga yatsunsu suna ɗan karkarwa, irin wadda maganin ke sawa. Ba su da mugunta ko kaɗan. Kowa ya shigo sai ya gaishe ta da “ƙanwarmu,” wani ya ce ya san ta tun tana sa farar safa, wani ya ce shi ya raka Yaya tasha ranar da za ta tafi jami'a. Ƙaton nan da aka yi misali da shi, bayan ta gama yi masa ihu, ya cire maƙalin hanci yana share hawaye.

“Ashe haka kike? Yayanki cewa ya yi ko kaza ba kya iya kora.”

Kawu ya shigo daga baya-baya. Ko da magani a ƙirjinsa, layinsa da ya tashi bai gangaro a miƙe ba, sai ya lotsa a tsakiya kamar tsohuwar katifa. Da ƙyar ya tsallake iyakar da ke raba mai lafiya da mai ciwo. Ya yi tari mai tsawo cikin hankici, ya ninke shi ya mayar aljihu.

“Tsoho ya ci?”

“Likita ce ke karantawa, Kawu.”

“Allah ya yi miki albarka. Gida bai ƙoshi ba ai ba a kai wa dawa.” Ya dube ta ido cikin ido, sannan ya fita.

Yaya ne na ƙarshe. Ya shigo ya tura ƙofa, ya zauna a kujerar ya gyara riga. Numfashinsa shiru, sumul, irin wanda ta daɗe ba ta ji daga gare shi ba. Da a gida ta ji shi haka, da ta yi murna.

“Ka shaƙi wani maganin numfashi yau?”

“A'a, Sista.”

Ta miƙa masa bututun. Yana rawa a hannunsa.

“Na gan ka ta taga,” in ji ta.

Ya juya bututun a hannu. “To me ya sa kika tambaya?”

“Zan rubuta ka sha magani. Gwajin ya ɓaci, a sake maka wata rana.”

“Rage murya.” Ya nuna ƙofa da haɓa. “In kin rubuta nawa, sai a ce ina na samu, da wa da wa. Kin ga hannun sauran, jami'in ma yana da ido. Mutumin nan ya daɗe yana neman dalili. Ha'inci a gwaji ba haɗa kaya ake kai mutum ba, Auta. Takardar sallama ce, mu duka, yau ɗin nan.”

Ta tsaya da maƙalin hanci a hannu. Sai ta ji kanta tana faɗin abin da ba ta taɓa zaton zai fito daga bakinta a wurin aiki ba.

“To ka rage. Kar ka hura da ƙarfi. Ka tsaya tun da saura.”

“Ke da bakinki kika ce na'urar tana gane mai ragi.”

Gaskiya ne. Sau uku ake hurawa, dole su yi kama da juna, kuma layin mai ƙin hurawa ba ya kama da na mai ciwo. Duk wanda ya san aikin kallo ɗaya zai yi masa.

“Ko da ba ta ganewa,” in ji shi, “ni ban iya ba. Tunda nake hura abin nan, don in ci nake hurawa.”

“Yaya, ɗakin nan zai kashe ka.”

“Ba yau ba.”

“'Ya'yanka fa?”

“Su ma waɗancan suna da 'ya'ya.” Ya ɗan yi murmushi, ba na daɗi ba. “Lokacin da kike jami'a, in ƙirjina ya tashi na kasa shiga, su ke shiga su fesa nawa, ofis bai taɓa sani ba. Kawu ya taɓa yin mako yana aikin mutum biyu. Karatun nan da kike auna ni da shi, ba ni kaɗai na yi miki shi ba.”

Ta matse masa hanci da maƙalin, ta gyara masa zama, ta ce ya ja iska. Ƙirjinsa ya tashi, kafaɗu suka buɗe.

“Hura,” in ji ta, da muryarta ta gida.

Ya cire bututun daga baki. “Ba haka kika yi wa sauran ba.”

“Yaya.”

“Suna waje suna saurare. In ba su ji ihunki ba, za su ce ni da ke mun ƙulla wani abu. Ki yi min yadda kika yi wa kowa.”

Ta dube shi. Gashin hancinsa ma launin toka ne na fentin makon nan. Ta koma gefen na'ura, ta danna maɓalli.

“Ja iska. Ƙara. Ƙara, cika shi.” Ta doka ƙafa a ƙasa. “Hura! Hura! Ci gaba, ci gaba, kar ka tsaya! Saura! Saura! Saura!”

Ya hura kamar mai kashe gobara. Cikinsa ya shige ciki, haƙarƙarinsa suka matse, kafaɗunsa suka ranƙwafo gaba, idanunsa suka yi ja suka kawo ruwa, bai tsaya ba har sai da ta ɗaga hannu. A allo layin ya tashi sama da ƙarfi, ya gangaro da 'yar lotsawa kaɗan. Suka sake, suka kuma sakewa. Ba ta taɓa yi wa wani ihu irin wanda ta yi masa ba. A na ƙarshe muryarta ta tsage. Duka ukun sun hau kan juna kamar an zana su da hannu ɗaya, kuma duka sun wuce iyaka.

Ya cire maƙalin yana haki. “Yaya aka yi?”

“Ka ci,” in ji ta.

Da ya buɗe ƙofa ta ji an ɗauki tafi da sowa a waje. Wani yana cewa, “Wallahi har bakin get an ji ta!” Jami'in ma'aikata ya leƙo yana murmushi, ya ce aiki ya yi kyau, ba a taɓa gamawa da wuri haka ba.

Washegari Likita ta zauna tana duba sakamakon a kwamfuta, Auta na tsaye a bayanta.

“Wannan ne yayan naki? Ya ɗan lotsa, amma ya tsallake iyaka. Da wannan ba abin da zan iya rubutawa.” Ta wuce zuwa na sauran, ta dawo, ta sake wucewa. “Ikon Allah. Ɗakin fenti guda, kowa ya tsallake. Kin tambaye su maganar magani?”

“Na tambaya.”

“Suka ce?”

“Suka ce a'a.”

Likita ta juyo da kujerarta, ta dube ta ta saman gilashi, ta daɗe tana dubanta. “Akwai abin da kike son gaya min?”

Auta ta san abin da zai biyo bayan kalma ɗaya. Likita ba ta iya rufa-rufa ba, za ta soke gwajin duka ta rubuta dalili, dalilin kuma ya sauka a teburin jami'in nan mai tsabtataccen takalmi. Fankokin nan ba wanda zai tambaye su komai. Mutanen ne za su tafi gida, Yaya a cikinsu, kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

“Babu,” in ji ta.

“To. In ƙirjin ya tashi ki kawo shi nan mu gwada shi da kanmu, ko kamfani ya yarda ko bai yarda ba mu dai mu gani.” Likita ta sa hannu. “In ba haka ba, sai baɗi.”

Da ranar hutu ta zagayo Anti ta yi ta kira a waya, wai lallai ta zo da rana, akwai magana. Tun kafin Auta ta cire takalmi Anti ta rungume ta.

“Ƙanwata, Allah ya biya ki! Na ce da shi, ai naka naka ne. Duk wannan faɗan da kike, ashe in an zo wurin ba za ki bari ya faɗi ba.”

Yaya yana kan doguwar kujera, ƙirjin ya dawo yadda yake, kowane numfashi da jelarsa. A tsakiyar falo akwai wani abu lulluɓe da tsohon zanen gado, 'yan matan biyu suna tsaye a gefensa suna ta ƙyaƙyata dariya.

“Ku buɗe mata,” in ji shi.

Suka yaye. Ɗan ƙaramin kabad ne na ƙarfe, irin na gefen gado, mai aljihu biyu, launin ruwan madara, yana ƙyalli. Warin nan mai zaƙi ya cika falon.

“Daga mutanen ɗakinsu,” in ji Anti. “Masu walda suka haɗa, shi kuma ya ce ba wanda zai fesa sai shi. Bayan an tashi aiki yake tsayawa, an ma kashe fanka, shi kaɗai a ciki. Shafi kan shafi, wai na likitan gidanmu ne, ba ya son ko ɗigo.”

Auta ta durƙusa a gaban kabad ɗin don kar su ga fuskarta. Ta shafa samansa, ta shafa gefe, ta jawo aljihu ta duba ciki. Neman aibi take, ko zubin fenti, ko ƙura da ta maƙale. Babu.

“Yaya, Likita ta ce in kawo ka asibiti mu sake gwadawa. Mu kaɗai, ba ruwan kamfani.”

“A sake me? An gama.” Ya huta. “Wanda ya ci jarrabawa ai ba ya komawa ya ce a sake masa.”

“Ki ƙyale shi ya sha iska,” in ji Anti. “Au, na manta. Kawu ya ce a gaya miki sun je ofis sun roƙa, baɗi ma ke za a turo. Sun ce waccan ta da ba ta da fara'a.”

Auta ta ce ta gode. Ta ci abincin da aka zuba mata, ta duba wa 'yan matan aikin makaranta, ta yi dariya a inda ake dariya. Da za ta tafi Yaya ya yunƙura zai ɗaukar mata kabad ɗin, ta riga shi ɗauka, ta ce ba nauyi.

Mai tasin da ta tara ya ce ba zai shiga but ɗin motar ba, sai ta ɗora shi a cinya a kujerar baya. Ba su yi nisa ba ya fara atishawa.

“Don Allah 'yar'uwa sauke gilashin nan,” in ji shi. Ya dubi kabad ɗin ta madubi. “Wanda ya fesa wannan ya iya aiki, ba ƙarya. Amma ni ko me za a ba ni ba zan yini da warin nan ba.”

Ta sauke gilashin. Hanyar duk ramuka ce, motar tana ta jijjiga, sai ta rungume kabad ɗin da hannu biyu don kar ya gogi ƙofa fentin ya karce.